Wa Zai Cike Ramin? Majalisun Gari da Masu Haƙar Gawayi a Birtaniya

Ranar 6 ga watan Satumba na shekarar 2022, izinin haƙar gawayin ƙasa, wanda wasu ke kira kwal, ya ƙare a wani wuri mai suna Ffos-y-Fran, a gefen garin Merthyr Tydfil da ke kudancin yankin Wels na ƙasar Birtaniya. Bisa doka, daga washegarin wannan rana bai kamata katafila ko ɗaya ta ƙara taɓa gawayi a wurin ba. Duk da haka aiki ya ci gaba a gaban idon mutanen gari har zuwa ranar 30 ga watan Nuwamba na 2023, wato kusan wata 15, kuma a cikin wannan lokaci an fitar da gawayin da ya kai wajen ton 500,000. Da kamfanin ya dakatar da aiki, sai ya bar wa gari rami mai zurfin kimanin mita 200, da tuddai uku na ƙasa da duwatsu waɗanda aka tara a gefensa.

Wannan al'amari ya faru ne a ƙasar da ta yi shekara kusan 40 da miƙa wa majalisun gari ikon amincewa ko ƙin amincewa da irin wannan aiki. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san yadda aka ba da wannan iko, inda ya yi amfani, da inda ya kasa.

Yadda ake haƙar gawayi a buɗaɗɗen rami

Hanya biyu ce ake samun gawayin ƙasa. Ta farko ita ce a gina rijiya mai zurfi, ma'aikata su shiga ƙarƙashin ƙasa su bi jijiyar gawayin. Ta biyu ita ce a yaye ƙasar baki ɗaya daga sama, kamar yadda ake yaye murfi. Da farko ana kwashe ƙasar noma a tara ta wuri guda. Bayan haka a fasa duwatsu da nakiya, a ɗebe su da manyan motoci, har a iske gawayin. Sau da yawa sai an kwashe ton 10 ko fiye na ƙasa da dutse kafin a sami ton guda na gawayi.

Wannan hanya ta biyu ta fi araha, kuma hatsarinta ga ma'aikata bai kai na ƙarƙashin ƙasa ba. Amma nauyinta yana kan maƙwabta: ƙura, ƙarar injuna, girgizar nakiya, zirga-zirgar manyan motoci, da asarar gonaki da makiyaya har tsawon shekaru. Akwai kuma wani abu wanda shi ne tushen matsalar duka. Kuɗi suna shigowa ne muddin ana sayar da gawayi, amma aikin da ya fi tsada, wato cike rami na ƙarshe da mayar da ƙasar noma wurinta, yana zuwa ne bayan gawayi ya ƙare, lokacin da babu sauran abin sayarwa. Idan ba a riƙe kuɗin wannan aiki tun da wuri ba, babu abin da ya rage sai alkawarin kamfani.

Daga hannun minista zuwa hannun majalisa

A Birtaniya an soma irin wannan haƙa a shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, domin ƙasar tana matuƙar bukatar makamashi. An ɗauke shi a matsayin aikin gaggawa na ɗan lokaci, amma da yaƙi ya ƙare bai tsaya ba. A 1952 aka danƙa shi ga hukumar gawayi ta ƙasa, wadda mallakar gwamnati ce. Dokar da aka yi a 1958 ta ce minista ne a birnin Landan ke ba da izinin buɗe sabon rami. Majalisar gunduma tana iya faɗin ra'ayinta, mutanen ƙauye suna iya kai kukansu, amma hukunci na ƙarshe yana hannun ma'aikatar da aikinta shi ne ta ga an sami gawayi mai yawa. Mai neman izini da mai ba da izini duka na gwamnati ɗaya ne.

A 1981 wani kwamitin bincike kan makamashi da muhalli, wanda Lord Flowers ya shugabanta, ya ba da shawara a riƙa ɗaukar ramin gawayi kamar kowane ramin tsakuwa ko yashi, wato a bar wa hukumomin wurin su yanke hukunci. Tun daga 1984 aka fara aiki da wannan shawara, kuma dokar 1986 ta soke izinin minista na musamman. A 1991 gawayin da ake samu ta wannan hanya ya kai ƙololuwarsa, kimanin ton miliyan 21 a shekara. A 1994 aka sayar da harkar gawayi ga ƴan kasuwa. Daga nan kamfani yana bukatar takarda biyu: lasisin haƙa daga hukumar gawayi ta gwamnati, da izinin amfani da fili daga majalisar wurin. A 1999 gwamnati ta ƙara tsananta ƙa'ida a Ingila, ta ce asali shi ne a ƙi, sai fa idan kamfani ya nuna aikin ba zai ɓata muhalli fiye da kima ba, ko kuma amfaninsa ga mutanen wurin ya rinjayi ɓarnarsa.

Ga yadda tsarin yake tafiya. Kamfani yana kawo takardar neman izini tare da rahoton abin da aikin zai haifar ga ruwa, iska, dabbobi da gidajen jama'a. Ana sanar da mutane, kowa yana da damar rubuta amincewarsa ko ƙin amincewarsa. Ma'aikatan majalisa suna nazari su ba da shawara, sa'an nan zaɓaɓɓun ƴan majalisa su jefa ƙuri'a a zaman da kowa ke iya halarta. Idan sun yarda, suna gindaya sharuɗɗa: lokacin fara aiki da lokacin tashi, iyakar ƙara da ƙura, hanyar da motoci za su bi, ranar da haƙa za ta ƙare, da yadda za a gyara filin bayan an gama.

Ikon da ke da iyaka

Wannan iko ba cikakke ba ne. Idan majalisa ta ƙi, kamfani yana iya ɗaukaka ƙara zuwa ga mai binciken gwamnati, kuma idan aka ga majalisar ta ƙi ba tare da hujja mai ƙarfi ba, ana iya sa ta biya kuɗin da kamfanin ya kashe. Idan majalisa ta yarda, mutanen gari ba su da irin wannan dama. Abin da ya rage musu shi ne kotu, ita kuwa kotu tana duba ko an bi doka ne kurum, ba ta duba ko aikin yana da kyau. Har wa yau minista yana da ikon karɓe magana daga hannun majalisa ya yanke da kansa.

Misalai biyu daga arewa maso gabashin Ingila sun nuna haka. A wurin da ake kira Bradley, cikin gundumar Durham, majalisa ta ƙi ba da izini, amma a 2015 mai binciken gwamnati ya ba da shi, aka fara haƙa a 2018. Da kamfanin Banks ya nemi faɗaɗa ramin a 2020, majalisa ta sake ƙi, wannan karo kuwa maganarta ta tsaya. A Highthorn, kusa da gaɓar teku ta Druridge Bay cikin gundumar Northumberland, abin ya zo a juye. Majalisa ta amince a 2016 a haƙa ton miliyan 3, minista Sajid Javid ya karɓe maganar ya ƙi a watan Maris na 2018, babbar kotu ta soke hukuncinsa a watan Nuwamba na wannan shekara, sa'an nan wani minista, Robert Jenrick, ya sake ƙi a watan Satumba na 2020. Ramin bai taɓa buɗewa ba.

Duk da wannan ja-in-ja, miƙa iko ga majalisu ya yi amfani. A 2015 majalisar Caerphilly, maƙwabciyar Merthyr Tydfil, ta ƙi amincewa da sabon rami a Nant Llesg inda aka so haƙa ton miliyan 6, bayan mutanen ƙauyukan wurin sun tashi tsaye. Akwai kuma wuraren da aka gyara yadda ya kamata: filin shaƙatawa na Rother Valley kusa da birnin Sheffield, mai tafkuna da itatuwa, wanda aka buɗe a 1983, tsohon ramin gawayi ne. Amma a lura, an gyara shi ne a zamanin da harkar take hannun gwamnati, lokacin da baitulmalin ƙasa ke bayan kowane alkawari.

Gargaɗin da ya zo daga Sikotlan

Bayan an sayar da harkar ga ƴan kasuwa, abin da ke tsaye a madadin baitulmali shi ne kuɗin jingina. Kamfani yana kawo banki ko wani gidan lamuni ya tsaya masa, a kan cewa idan ya kasa gyara filin, majalisa za ta karɓi kuɗin ta yi aikin. Wannan dabara tana aiki ne kawai idan jinginar ta yi daidai da girman ramin.

A 2013 manyan kamfanoni biyu na gawayi a yankin Sikotlan, Scottish Coal da ATH Resources, suka karye. A gundumar East Ayrshire kaɗai sun bar fili mai faɗin kusan hekta 2,000 ba a gyara ba, da ramuka 22, mafi yawansu cike da ruwa. Da aka yi lissafi, sai aka ga gyaran zai ci kimanin fam miliyan 161, alhali jinginar da ke hannu ba ta kai fam miliyan 29 ba. Giɓin ya kai fam miliyan 132, wato wajen milyar 100 na kuɗin sefa a canjin shekarun nan.

Kwamitin da ya binciki lamarin a ƙarƙashin Jim Mackinnon, tsohon babban jami'in tsara filaye na gwamnatin Sikotlan, ya fito da rahotonsa a farkon 2014. Ya ɗora babban laifi a kan majalisar. An ba da izini da sharuɗɗa masu kyau a takarda, amma ba a riƙa zuwa a duba ko ana cika su ba. An karɓi lissafin jingina daga bakin kamfanoni ba tare da wani gwani mai zaman kansa ya auna shi ba. Ramuka suna ƙara girma kowace shekara, kuɗin jingina kuwa suna nan yadda suke.

Abin da ya faru a Merthyr Tydfil

Merthyr Tydfil tsohon garin ƙarfe da gawayi ne, kuma majalisarsa ita ce mafi ƙanƙanta a Wels wajen yawan jama'a, domin mutanen yankin ba su kai 60,000 ba. Mutanen wurin suna da dalilin tsoron tudun sharar gawayi. Kilomita kaɗan kudu da garin akwai ƙauyen Aberfan, inda ranar 21 ga watan Oktoba na 1966 wani tudun sharar mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ya zame ya rufe makarantar firamare, ya kashe mutum 144, cikinsu har da yara 116.

An gabatar da aikin Ffos-y-Fran a matsayin gyaran ƙasa. Filin, mai faɗin hekta ɗari uku da ƴan kai, yana cike da tsofaffin rijiyoyin haƙa da juji na zamanin da. Aka ce kamfanin Miller Argent zai fitar da gawayi wajen ton miliyan 11, kuma da kuɗin gawayin za a share wurin a mayar da shi makiyayar jama'a. Majalisar dokokin Wels da ke birnin Kadif ce ta karɓi maganar ta ba da izini a 2005, aka kai ƙara kotu, a ƙarshe aiki ya fara a 2007. Wasu gidaje ba su fi mita 40 daga iyakar filin ba. Sai a 2009 gwamnatin Wels ta kafa ƙa'idar cewa a bar tazarar mita 500 tsakanin ramin gawayi da gidajen mutane, amma wannan ƙa'ida ba ta shafi izinin da aka riga aka bayar ba.

Kula da cika sharuɗɗa ya rataya a wuyan majalisar gari. An yi yarjejeniya kamfani zai riƙa zuba fam 625,000 kowane wata uku a wani asusu na musamman, har kuɗin su kai fam miliyan 15. Ana cikin haka aka sayar da kamfanin ga wasu masu shi, aka sauya masa suna zuwa Merthyr (South Wales) Ltd. Da kamfanin ya ƙi biyan kuɗin, sai da majalisa ta kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ba ta gaskiya a 2019. Amma ko da asusun ya cika, fam miliyan 15, wato sama da milyar 11 na sefa, ɗan kaɗan ne daga abin da ake bukata, domin wasu ƙiyasai sun nuna cikakken gyaran zai haura fam miliyan 100.

Ana saura kwanaki kaɗan izini ya ƙare a 2022, kamfani ya nemi ƙarin lokaci, ya ce yana bukatar ƙarin gawayi domin masana'antar ƙarfe ta Port Talbot da kuma tara kuɗin gyara. Majalisa ba ta yanke hukunci ba sai ranar 26 ga watan Afirilu na 2023, inda ƴan kwamitin suka ƙi baki ɗaya. A watan Mayu ta ba da takardar umarnin a daina haƙa. Kamfani ya ɗaukaka ƙara, kuma bisa doka irin wannan umarni ba ya aiki har sai an yanke ƙarar. Akwai wata takarda mai ƙarfi wadda ke tsayar da aiki nan take, amma majalisar ba ta yi amfani da ita ba, gwamnatin Wels ma ba ta yi ba, ko da yake doka ta ba ta dama. Kamfanin ne da kansa ya zaɓi ranar rufewa, ma'aikata kimanin 180 suka rasa aikinsu. A farkon 2024 aka kashe injunan jan ruwa, ramin ya soma cika.

A watan Agusta na 2024 kwamitin muhalli na majalisar dokokin Wels, ƙarƙashin shugabancin Llyr Gruffydd, ya fito da rahoto mai zafi, inda ya soki kamfanin, ya kuma soki hukumomin da suka bari abin ya kai haka. A 2025 kamfanin ya gabatar da sabon tsarin gyara mai rahusa, wanda a cikinsa za a bar ramin da ruwansa maimakon a cike shi kamar yadda aka yi alkawari tun farko.

Inda raunin yake

Idan aka haɗa labarin East Ayrshire da na Merthyr Tydfil, za a ga rauni iri ɗaya. Ranar ba da izini majalisa tana da ƙarfi, domin kamfani ne ke roƙo. Da zarar rami ya yi zurfi, ƙarfin ya koma hannun kamfani. Idan majalisa ta matsa masa, yana iya cewa zai karye, ma'aikata su zauna gida, ramin kuma ya zama nauyin gari. Ƙaramar majalisa mai ma'aikata kaɗan da kasafin kuɗi ƙanƙane ba ta da injiniyoyin da za su auna rami, ba ta kuma da kuɗin doguwar shari'a. Iko kuma a rarrabe yake tsakanin majalisar gari, hukumar gawayi, hukumar muhalli da gwamnatin yanki, ta yadda kowace tana iya cewa maganar ta wata ce.

Maganin da binciken ya nuna ba ɓoyayye ba ne. A karɓi kuɗin gyara tun gawayi yana fita, ba a fafe gora ranar tafiya. A sa gwani mai zaman kansa ya riƙa auna ramin a kai a kai, a ƙara jingina gwargwadon ƙaruwarsa. A tilasta wa kamfani ya riƙa cike bayansa yana haƙa gabansa. Idan kamfani ya sauya hannu, a sake duba ko sabon mai shi yana da ƙarfin ɗaukar alkawarin. Gwamnati kuma ta tsaya bayan ƙaramar majalisa da gwanaye da lauyoyi.

Zamanin gawayi a Birtaniya ya kusa ƙarewa. Ranar 30 ga watan Satumba na 2024 aka rufe tashar wutar lantarki ta ƙarshe mai ƙona gawayi a Ratcliffe-on-Soar, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara gwamnati ta bayyana niyyarta ta hana ba da sabon lasisin haƙa. Ramukan da aka bari kuwa suna nan a gefen garuruwa da ƙauyuka.

Maganar ba baƙuwa ba ce ga Nijar. A Anu Araran, kusa da Cirozerin cikin jahar Agadas, kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, yana haƙar gawayi a buɗaɗɗen rami domin samar da wutar lantarki a arewacin ƙasa, kuma akwai wani gawayin a Salkadamna cikin jahar Tawa. Doka ta bambanta, domin a Nijar arzikin ƙarƙashin ƙasa mallakar ƙasa ne, izinin haƙa kuwa daga gwamnati yake fitowa. Amma tambayoyin da mutanen Merthyr Tydfil suka makara wajen samun amsarsu, duk wani magajin gari, hakimi ko ma'aikacin hukuma yana iya yin su tun kafin katafila ta iso: nawa ne kuɗin gyaran filin, a hannun wa suke, wa zai riƙa zuwa ya duba, kuma wa ke da ikon cewa a tsaya idan wa'adi ya cika.